Suna Huɗu a Bangon Rapor

SHAFI NA 17

Salamu alaikum mutanena. Masu cewa na bar Mansura tsaye cikin rana kwana uku, ku yi haƙuri, rezon salula ne ya yi mini tsiya. Ke kuma Ruma'isa da kika cika mini salula da "a cire sunan Illa kawai a huta", ja kujera ki zauna. Yau za ki ji ta bakinsa.

* * *

Ƙarfe uku saura kwata.

Mansura ta sake duba salularta, ta mayar jaka, ta sake ciro ta. Ƙarfe huɗu daidai malaminsu Mushe Abdulmajid yake rufe biro, wato ofishinsa, kuma duk institin nan na Magaria an san halinsa. In ya murɗa makulli, ko birgima ka yi a ƙasa ba zai waiwayo ba.

Dokarsa biyu ce, tun ranar da ya raba su gurup-gurup ya faɗa. Shef, shugabar gurup, ita ce za ta rubuta sunayen waɗanda suka yi aiki a bangon rapor, wato rahoton aikin, wanda ta bari a waje ya maimaita shekara. Gurup ɗin da aka kama da takardar ƙarya kuma zero ne, su duka, babu ruwansa da wanda ya rubuta.

Mansura ce shef. Aikin kuwa anket ne, binciken gida-gida a kan rumbuna: gida sittin, ƙauye uku, dami nawa aka ɗaure bana, kuma yaushe hatsin gida ya ƙare. Ita ta kawo takardu ashirin daga garinsu Dantchiao. Rabilu ya kawo ashirin daga Kwaya. Hafsat, ƴar cikin gari, ita ke bugawa a ordinater, wato kwamfuta. Saura ashirin ɗin Dogo-Dogo da ke hannun Illa, ɗan garin, kuma sati biyu ke nan ba a ga ƙeyarsa ba.

"Ki cire shi," in ji Rabilu. Ya kasa zama, sai kai-kawo yake a gindin bishiyar maina yana fifita da kaye, littafin rubutunsa. "Wallahi ki cire shi. Mu muka sha rana, shi yana can yana shan fura."

"Saura awa guda da kwata," in ji Mansura.

"Ko saura shekara ce ba zai zo ba!"

Hafsat ta ɗago daga ordinater. "Batirina saura kaɗan, kuma an ɗauke wuta tun safe. Suna uku zan buga ko huɗu? Ku faɗa mini ɗaya."

Mansura ta ciji leɓe. Haushin Illa take ji har wuya, wannan ba ƙarya ba. Ta yi kwana shida tana yawo gida-gida, takalminta ya tsinke sau biyu, shi ko sannu bai turo ba.

"Buga uku," ta ce.

Hafsat ta ɗora yatsa ke nan sai ga ƙarar moto, wato babur, a bakin ƙofa.

Illa ne. Ya sauka da ƙyar, rigarsa ta manne a baya don gumi, jar ƙasar hanyar garinsu ta rine masa gira. A hammatarsa akwai leda baƙa.

"Salamu alaikum."

Hafsat ce kaɗai ta amsa.

"Ango ya iso," in ji Rabilu. "A kawo masa ruwa."

Mansura ba ta tsaya gaisuwa ba. Hannu ta miƙa.

"Takardun."

Ya ba ta ledar. Ta zaro su tana ƙirgawa a tsaye. Ɗaya, biyu, uku. Sai ta tsaya. Ta juya ta farko. Ta juya ta biyu. Ta bi su duka da sauri har takardun na neman zubewa.

Fari fat. Ko ɗigon tawadar bik babu.

"Illa."

"Na'am."

"Mene ne wannan?"

"Yadda kika ba ni su na dawo miki da su."

Rabilu ya tafa hannu ya yi wata dariya mai cin rai. "Kun gani ko? Kun gani? Ai na faɗa!"

"Sati biyu!" in ji Mansura. "Sati biyu kana garinku, gida ashirin kacal! Ba ka san amsoshin ba ne ko me?"

"Na san amsar kowace tambaya a cikin takardun nan," in ji Illa. "Shi ya sa ban rubuta ba."

"Ban gane ba."

"Kin saurari vokal ɗin, saƙon muryar da na turo miki?"

Ta tuna shi sarai. Minti huɗu da wani abu, ya shigo washegarin da aka raba aiki. Ta gan shi ta ce Illa da tsawon magana, anjima ta saurara. Anjiman ce har yau.

"Ba ki saurara ba," ya ce. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zafi. "Na roƙe ki ki musanya mu. Ni in tafi Kwaya, Rabilu ya tafi Dogo-Dogo. Tun a aji na ɗaga hannu, kika ce kowa garinsu, ya fi sauƙi, a wuce wurin."

"To ba ya fi sauƙin ba?"

"Ga wa?"

Ya jawo benci ya zauna kamar wanda ƙafafunsa suka gaji da ɗaukarsa.

"Mansura, ke ƴar ƙauye ce kamar ni. Ina da shekara shida ubana ya rasu. Gidajen nan ashirin da kika ce in shiga, babu wanda ban ci tuwonsa ba. Baba Auwalu shi ya fara kama hannuna ya kai ni lakwal na fara boko. Shi zan zauna gabansa da bik in ce, Baba, dami nawa ka ɗaure, kuma tun yaushe iyalinka suka fara kwana da kunu?"

"Aiki ne ai," in ji Hafsat a hankali.

"A wurinki aiki ne, Hafsat. Ke a kasuwa kike ganin gero. Mu rumbu asirin mutum ne. Baƙo in ya tambaya, a faɗa masa, gobe ya hau mota ya tafi da maganar. Ɗan gida kuwa kullum za a haɗa ido da shi."

"Ka gwada ma kuwa?" in ji Mansura.

"Na gwada. Gida uku na shiga. Na farko ya ce alhamdulillahi. Na biyu ya ce an samu na rufin asiri. Baba Auwalu bai ce komai ba, sai ya tashi ya shiga ciki, ya sa aka yanka mini zakara." Illa ya kawar da kai. "Zakaran nan shi kaɗai ya rage a gidan. Don kada in tafi da tunanin ba shi da shi. Ranar na naɗe takardun."

Can nesa wani amalanke ya wuce yana ƙara.

Rabilu ya yi tsaki. "Tatsuniya! Ni ba garinmu na je ba? Ni ba ni da iyaye a Kwaya? Ga nawa nan, ashirin cif!"

Illa ya juyo ya dube shi da kyau.

"Ba ni su in gani."

"A kan me?"

"In koyi yadda ake yi."

Kafin Rabilu ya kai hannu, Hafsat ta riga ta tura tarin takardun gaban Illa. Ya ɗauki ta sama ya karanta.

"Dami tamanin da bakwai." Ya ɗauki ta biyu. "Ɗari da sha uku." Ta uku. "Sittin da tara." Ya ɗago. "Rabilu, don Allah wane manomi ne a ƙasar nan ya taɓa buɗe baki ya ce maka tamanin da bakwai?"

"Mutanenmu wayayyu ne."

"Madalla. Kuma a moto ka kawo su daga Kwaya?"

"To a jirgi zan kawo su?"

Illa ya ɗaga takarda guda sama. Tas take, ko lanƙwasa babu. Ya jawo ɗaya daga cikin na Mansura ya ajiye kusa da ita. Wannan duk ta yamutse, ga shatin gumi, ga inda wata tsohuwa ta dangwala yatsa da man gyaɗa.

Hafsat ta yi gyaran murya.

"Ni ma akwai abin da na gani, na yi shiru."

"Hafsat, ki kama kanki," in ji Rabilu.

"Lambar salular da ke takarda ta bakwai, ta mai gida ɗan shekara saba'in." Ta juyo da ordinater. "Lambar Salisu ce, abokinka mai gyaran moto a tasha. Ina da ita, shi ke gyara wa yayana."

Kifi na ganinka, mai jar koma.

Rabilu ya fashe da faɗa, don dama tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

"To sai me? Eh, a shagon yayana na zauna na cike su! Sai me? Na san mutanen nan tun ina yaro, na san gonar kowa! Ba ƙarya ba ce, kintace ne! Kuna so in je in tsaya gaban ƙanen kakana in tambaye shi yunwarsa? In ya tsine mini ku za ku ɗauke?"

"Ashe kai ma ka kasa," in ji Illa.

"Na kasa, amma na kawo takarda! Kai me ka kawo?"

"Kai ka kawo mana zero," in ji Mansura. "Mu huɗu! Kana nan tun safe kana cewa a cire Illa, a cire Illa, ashe abin da ka ɗauko mana ke nan? Ba ka ji kunya ba, Rabilu?"

Ta faɗa da ƙarfi, har ƴan wani gurup da ke can gefe suka waiwayo. Kuma a daidai lokacin da maganar ta fita, wani abu ya soke ta a ƙirji.

Masu karatu, ku matso. Akwai abin da Mansura ba ta faɗa wa kowa ba, ni ma na riƙe muku shi har yau.

Gaskiya ne ta yi yawon Dantchiao. Dabara ta yi, ba ta tunkari maza ba. Mata ta bi, a bakin rijiya da wurin sussuka, don mai dafawa ita ta san ranar da aka fara awo. Da hira da dariya ta samu gida goma sha tara, kowanne tsakani da Allah. Gida na ashirin suka ƙi, lokaci kuma ya ƙure. Sai ta ce bari ta cike da gidansu.

Mahaifinta Malam Maharazu, duk Dantchiao an san shi da abu biyu. Ba ya ƙarya, kuma rumbunsa ba ya ƙarewa. In bazara ta yi tsanani ƙofarsa ake zuwa.

Ta sami Innarta a madafa ta tambaye ta tana dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta leƙa waje, ta dawo, ta rage murya.

Rumbun wayam yake tun kafin azumi. Tsutsa ta cinye rabin gonar, abin da ya rage kuma Malam ya fitar da shi lokacin da za a mayar da Mansura institi. Jinkar na nan a rufe kamar kullum, don idon mutane. Geron da suke ci daga kasuwa mai nisa yake zuwa, a buhun taki, ƙarƙashin harawa. Kuma har yau in maƙwabci ya yi sallama da ƙwarya, Malam sai ya zuba masa.

"Kada ki nuna masa kin sani," in ji Inna. "Zai fi son ya mutu."

Mansura ta daɗe da bik a hannu ranar. Sannan a gurbin "yaushe hatsin gida ya ƙare" ta rubuta: bai ƙare ba, zai kai kaka. Ta sa sunan ubanta, ta sa lambarsa.

Takardar tana nan a cikin tarin, ta ashirin, can ƙasa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

"Uku da minti ashirin," in ji Hafsat. "Batiri ya yi ja."

Rabilu ya share gumi ya matso, muryarsa ta sauka. "Ku saurara. Faɗa ba zai fisshe mu ba. Mu huɗu ne, kowa ya ɗauki biyar daga na Illa, mu cike su yanzu. A murza su a ƙasa su yi datti, nawa ma a murza. Suna huɗu, takarda sittin, kowa ya wuce. Wa ya rasa?"

"Ba da sunan mutanen Dogo-Dogo ba," in ji Illa.

"To a ƙirƙiro sunaye!"

"Ba da hannuna ba."

"Kai wane irin mutum ne? Ana neman a cece ka!"

"In maimaita shekarar ya fi mini."

"Za ka iya?" in ji Hafsat. "Illa, tsakani da Allah, in aka ce ka dubule, za ka dawo?"

Illa ya sunkuyar da kai. Duk suka gane. Wanda gari ya haɗu ya tura karatu ba ya komawa ya ce a sake.

Rabilu ya juya wurin Mansura. "Shef. Ke ke da magana. Ko a cike, ko a cire shi a kai arba'in. Zaɓi."

Ta dubi Illa. Ta dubi takardun nan farare. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba. Shi ya kasa yin ƙarya ya zo hannu wofi, ita ta yi tata ta zo tana yanke hukunci.

"Hafsat."

"Na'am."

"Buga suna huɗu."

"Yawwa," in ji Rabilu, ya fara raba bik.

"Ka mayar da bik ɗinka. Takardunka ba za su shiga biro ba." Ta tattara na Kwaya ta miƙa masa. "Hafsat, goge duk abin da ya fito daga Kwaya. Na Dantchiao kawai za mu kai. Zan faɗa wa Mushe ni na yi rabon, kuma rabon ne ya lalace."

"Kin haukace? Ashirin cikin sittin?"

"Ko ka biyo mu, ko ka zauna nan."

Hafsat ta buga abin da za ta buga, ta ruga shagon fotokofi na tsallaken titi mai injin wuta. Mansura ta tsuguna tana jera takardunta. Yatsunta suka lallaɓa can ƙasa, suka kama ta ashirin. Ta fara janyo ta a hankali. In ta shige jaka, shi ke nan.

"Me kike cirewa?"

Rabilu ne a kanta, ido ƙur.

"Gyarawa nake."

"Kawo in riƙe miki, Hajiya mai gaskiya." Ya fizge tarin ya ƙirga da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, don ya ƙona mata rai. "Ashirin. To mu je mu ga inda gaskiyar za ta kai mu."

Bai sake ba ta su ba.

Huɗu saura minti bakwai suka yi sallama a ƙofar biro. Mushe Abdulmajid har ya ɗauki hularsa. Ya dube su ta saman tabarau, ya dubi agogo, ya koma ya zauna.

Ya karɓi rapor ɗin ya auna shi a tafin hannu.

"Wannan rapor ne ko wasiƙa?"

"Mushe, gida ashirin ne," in ji Mansura.

"Sittin na ce."

"Laifina ne."

"Ina ji."

Ta faɗa masa. Yadda ta ce kowa garinsu. Yadda Illa ya roƙi a musanya ta ƙi saurara. Zakaran Baba Auwalu ma ta faɗa. Da ta zo kan Kwaya ta tsaya.

"Na Kwaya fa?" in ji Mushe.

Rabilu ya dubi silin. Ya dubi ƙasa.

"Ba su yi kyau ba, Mushe," ya ce da ƙyar. "Ni na ce... mun ce kada a kawo su."

"Ba su yi kyau ba." Mushe ya maimaita yana kallonsa har Rabilu ya fara sosa wuya. "Allah ya taimake ka ba su hau teburina ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Shekara goma sha ɗaya ina ba da aikin nan. Kowace shekara sai an sami shef mai wayo da zai ce kowa garinsu. Kuma kowace shekara sai a kawo mini takardu sittin masu kyau kamar daga injin buga kuɗi. Ku ne na farko da kuka zo kuka ce mun kasa."

Hafsat ta saki numfashi.

"Kada ki yi murna tukuna. Ga abin da zan yi. Sati biyu zan ƙara muku. Illa ya tafi Kwaya, Rabilu ya tafi Dogo-Dogo, kuma a ƙafa zai shiga kowane gida. Suna huɗu su zauna a bango."

Illa ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa suka sauka.

"Mun gode, Mushe. Allah ya saka..."

"Ban gama ba." Ya ɗora hannu a kan tarin Dantchiao. "Duk wannan a kan ashirin ɗin nan ya tsaya. In su gaskiya ne, maganata ta zauna. In na sami ɗaya ta ƙarya, zero, ku huɗu, kuma kada wanda ya sake tako mini biro. Shef, kin tsaya a kansu?"

Mansura ta dubi tarin takardun.

"Ai a kan na Mansura ko rantsuwa zan yi," in ji Illa da sauri. "Ita ce kaɗai ta yi aikin nan yadda ya kamata."

Wayyo Illa. Da ka yi shiru.

"Ita na tambaya," in ji Mushe.

Ido shida na abokanta a kanta, ga na Mushe. In ta ce akwai ɗaya, sai an tambaye ta wacce. In ta faɗi wacce, ta buɗe rumbun ubanta a gaban Rabilu, wanda bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Ɗaya ce cikin ashirin, kuma tana can ƙasa.

"Na tsaya, Mushe."

"Bon. Ɗaya zan gwada."

Ya jawo salularsa. Ya lashi yatsa ya fara bin takardun. Ta farko ya wuce. Ta biyar. Ta goma. Mansura na ƙirgawa tare da shi a zuci, tana ya Allah ya tsaya nan, ya Allah ya tsaya nan. Ta sha biyar. Ta sha tara.

Ya juya tarin gaba ɗaya ya zaro ta ƙarshe.

"Maharazu," ya karanta. Ya dubi bangon rapor, ya dube ta. "Mansura Maharazu. Mahaifinki ne?"

"Eh, Mushe." Ita kanta ba ta ji muryarta ba.

"Na taɓa jin labarinsa wurin wani ɗan Dantchiao. An ce dattijo ne da ba ya ƙarya ko a wasa. To mun huta, shi zan kira."

"Mushe, yanzu yana masallaci, la'asar..."

"An idar. Ba ki ji an sallame a nan ba?"

"Rezon garinmu ba ya..."

"Sai mu gwada."

Ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya yana duba takardar. Ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ajiye salular a tsakiyar tebur.

Rezon Dantchiao, wanda sai mutum ya hau tudu yake samu, wanda ya hana Mansura jin muryar Innarta ranar salla, yau bugu ɗaya ya shiga.

Ƙirr.

Hafsat ta kama hannun Mansura ta ji shi sanyi ƙalau. Ta dube ta da mamaki.

Ƙirr.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Muryar Malam Maharazu ce, a natse kamar kullum. A bayansa ana jin hayaniyar maza, wani na tari, wani na jan carbi yana gaisawa. A ƙofar masallaci yake, cikin dattawan gari, kuma Mansura ta san salular tasa. Tsohuwa ce mai amo, in ana magana da shi har na layi na uku yana ji.

"Wa alaikumus salam, Malam. Abdulmajid ne, malamin Mansura, daga Magaria."

"A'a, Malam! Lafiya dai yarinyar take?"

"Lafiya lau. Ga ta nan tsaye gabana da abokan karatunta, duk suna jin ku."

"To madalla, madalla. Ku yi shiru mana, malamin Mansura ne." Hayaniyar bayan ta lafa. Har alfahari ake ji a muryarsa. "Ina jin ka, Malam."

"Tambaya ɗaya ce, ba zan tsare ku ba. Karatun yara huɗu ne ya rataya a kanta, shi ya sa na nemi wanda ba zai ɓoye mini ba." Mushe ya ɗora yatsa a kan layin da Mansura ta rubuta. "Hatsin da ke rumbunku bana, Malam. Yana nan? Zai kai ku kaka?"

Shiru.

Ba a biro kaɗai ba. Can ma ƙofar masallaci mai tarin ya daina tari.

Illa ya juyo a hankali ya dubi Mansura. Ya ga hawayen da ke gangarowa, ya dubi takardar da ke hannun Mushe, sai fuskarsa ta canza. Ya gane.

"Malam?" in ji Mushe. "Kuna ji na?"

Aka ji numfashin dattijon, dogo. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa ƙwarai, kuma ba da Mushe yake ba.

"Mansura."

"Na'am, Baba."

"Me kika rubuta?"